Wane suna za mu ba "hospice" da Hausa?

1/ Jama'a, kalmar "hospice", wato jinyar da ake yi wa wanda cutarsa ta daina jin magani ana ganin ya kusa barin duniya, tana ba masu fassarar bayanan lafiya wahala, kowa da abin da yake rubutawa. Wani ya ce "gidan masu jiran mutuwa", wani "asibitin ƙarshe", wani kuma ya bar ta a "hosfis" ya wuce. Ina da shawara, amma mu fara duba yadda ake shiga wannan jinya tukuna, domin sunan ya fito daga aikin.

2/ Abin yakan fara ne ranar da likita ya ga cutar, ko daji ce ko ciwon zuciya ko na huhu, ta daina jin magani, wahalar maganin ma ta fi amfaninsa. Sai ya zauna da maras lafiya da iyalinsa. A Amurka, inda shirin inshorar lafiya na gwamnati mai suna Medicare ke biyan kuɗin wannan jinya bisa dokar 1982, sai likita ya sa hannu cewa in cutar ta ci gaba yadda ta saba, da wuya mutumin ya wuce wata 6. Shi kuma maras lafiya ya sa hannu cewa ya ajiye neman warkar da wannan cutar, ya zaɓi a sauƙaƙa masa. Duk ranar da ya so janyewa zai janye. In ya wuce wata 6 ɗin ba a korarsa, sake duba shi ake yi, kamar yadda ake yi tun daga farko: bayan kwana 90 da shigarsa, bayan wani 90, daga nan duk bayan kwana 60.

3/ Daga nan nas za ta zo ta ga halin da ake ciki. Ina ne ke ciwo, yana iya haɗiya, wa ke kwana da shi, akwai gadon da za a riƙa juya shi a kai? A kawo gado, da iskar numfashi in da bukata, da maganin ciwo, a bar wa iyali lambar da za su kira dare da rana. Yawancin masu wannan jinya a inda suke zaune ake yi musu ita. Kwantarwa sai in ciwo ko sarƙewar numfashi ya gagara a gida, ko mai jinya ta gaji tiɓis, a karɓi maras lafiyar har kwana 5 ta huta.

Don haka duk sunan da ya fara da "gida" ko "asibiti" bai yi ba. Jinya ce muke nema wa suna, ginin daga baya ne.

4/ "Jiran mutuwa" kuwa ban yarda da shi ba sam. Cicely Saunders, wadda ta buɗe cibiyar irin wannan jinya mai suna St Christopher's a Landan a 1967, ta yi nas, ta yi aikin jin daɗin jama'a, sannan ta zama likita. Ita ta dage a riƙa ba da maganin ciwo a kan lokaci, kada a bari sai mutum ya fara murƙususu. Ta kuma koyar cewa ciwon mai barin duniya ya haɗa da tsoro, da tunanin 'ya'ya, da abin da ke tsakaninsa da Ubangijinsa. Wannan aiki ne ja, babu zaman jira a cikinsa. Sannan ku tuna, a gaban maras lafiya likita zai furta kalmar. In suna ya firgita iyali sai su yi ta ɗagawa, ba za su zo ba sai saura 'yan kwanaki, mutum ya riga ya sha azabar da da an rage masa.

5/ "Jinyar ajali" ta yi kusa, tunda muna cewa ciwon ajali. Sai dai bayan rasuwa muke faɗin haka, "ashe ciwon ajali ne". Likita kirdado yake yi, ajali na Allah ne. Akwai ma waɗanda ke samun sauƙi har a sallame su daga shirin.

6/ "Jinyar sassauci" mu ajiye wa 'yar'uwarta, wadda ake iya farawa tun ranar da aka gano cuta, tana tafiya tare da maganin warkarwa. Haɗa su a suna ɗaya zai rikita mutane.

7/ Abin da na tsaya a kai shi ne JINYAR RAKIYA. Asalin kalmar Turancin daga Latin ne, "hospes", wato baƙo ko mai masaukinsa, kuma da can masaukin matafiya da masu ziyarar ibada ake kira haka. Mai rakiya ba ya tura mai tafiya, ba ya kuma tare masa hanya, takawa yake yi tare da shi. Wannan ya amsa tsoron da iyalai da yawa ke yi cewa za a gaggauta wa nasu da allura. Rakiyar ma ta haɗa da iyali, don ana ci gaba da bibiyarsu wajen shekara guda bayan rasuwa.

Na san za a ce "rakiya" na tuna wa mutum raka gawa. Shi ya sa "jinya" ta zo a gaba. Mai rai ake yi wa jinya.

8/ Ku ji yadda take zama a baki: "Likita ya ba da shawarar a sa Baba a jinyar rakiya a gida." "An kwantar da ita a sashen jinyar rakiya." Irin cibiyar da likita Anne Merriman ta kafa a Uganda a 1993 sai mu ce cibiyar jinyar rakiya. Kwana 5 ɗin nan kuma, hutun mai jinya.

Nas-nas da likitoci, da duk wanda ya taɓa jinyar uwa ko uba har ƙarshe, ku gwada faɗinta kamar kuna gaban gadon. In ta yi muku nauyi a baki, ku faɗi inda ta yi, mu gyara.