Ciwon hantsa: tafasa madara ta wadatar?

Mai Tambaya: Salamu alaikum. Idan saniya na da ciwon hantsa, tafasa madararta na kawar da haɗarin gaba ɗaya?

Likitan Dabbobi: Wa alaikumus salam, Malam. A'a. Zafi na digiri 72 na daƙiƙa 15 yana kashe ƙwayar cutar Staphylococcus aureus, ɗaya daga cikin masu jawo ciwon hantsa, amma gubar da ta riga ta zuba a madara tana jure tafasa. Idan madara ta jima a ɗumi, ƙwayar ta hayayyafa, wanda ya sha sai amai da murɗar ciki cikin 'yan awanni, galibi 1 zuwa 6. A sanyaya ta ƙasa da digiri 4 da zarar an tatsa.

Mai Kiwo: Abin da ke yaudarar mutane shi ne, sau da yawa hantsar ba ta kumbura. A tatsi tsirtuwar farko a ƙaramin kwano baƙi, a duba gudaji. Kowace saniya da tawul ɗinta, a tsoma kan nono a ruwan aidin bayan tatsa, mai ciwon kuma a bar ta ƙarshe.

Likitan Dabbobi: Haka ne. Wadda ake yi wa allura kuwa, a zubar da madararta har wa'adin da ke jikin kwalbar maganin ya cika.