Bim ɗin ƙarfe: ya kuke zaɓen girmansa a wurin aiki?

Injiniya Bashir, Kaduna: Salamu alaikum jama'a. Ina so mu ji yadda kowa ke fama da zaɓen bim, wato dogon ƙarfen da ake gicciyawa kan ginshiƙai don ɗaukar nauyi. A wani ɗakin taro mai tazarar mita 6 tsakanin ginshiƙai, nauyin da na lissafa ya kai 15 kN (kilonewton, ma'aunin ƙarfin nauyi) a kowace mita. Da wL²/8 (w nauyin kowace mita, L tazara) ƙarfin lanƙwasa ya fito 67.5 kNm, a ƙarfe mai daraja S275 kuma ana buƙatar bim mai ma'aunin jure lanƙwasa kusan 245 cm³. UB 203x133x25 (bim irin na Birtaniya; lambobin tsayi ne da faɗi a milimita, sai kilo a kowace mita) yana da 258, ya wuce ke nan. Amma da na duba lotsawa da nauyin amfani kaɗai (ban da nauyin ginin kansa), sai ga kusan milimita 21, alhali BS 5950, ƙa'idar Birtaniya ta ginin ƙarfe, ta ce kada ta wuce tazara bisa 360 in akwai filasta, wato 16.7. Dole na hau zuwa 254x146x31. Mai gini ya yi ta ƙorafin kuɗi.

Hauwa, Abuja: Wa alaikumus salam Injiniya. A dogon bim lotsawa ce ke yanke hukunci kusan kullum. In ka ninka tazara biyu, ƙarfin lanƙwasa ya ninku huɗu, lotsawa kuwa 16. Ni abin da ya fi ba ni ciwon kai shi ne murɗewar bim gefe. Lissafinka ya tsaya ne in dekin ya riƙe leɓen sama, wato shimfiɗaɗɗen ɓangaren saman bim. Na taɓa zuwa wani gareji, an ɗora bim tsirara ba abin da ya tokare shi, ga shi sun rataya injin ɗaga kaya a tsakiya. Sai da muka sa ƙarafan tokara kafin na yarda a ci gaba.

Malam Sani mai walda: Ranku ya daɗe, ni ba na lissafi, amma ku riƙa auna abin da aka kawo. A takarda an rubuta kilo 31 kowace mita, a sikeli sai ka ga bai kai ba. Leɓen ya sirance. Yanzu ba na taɓa bim sai na sa ma'aunin kauri.

Issufu, Maraɗi: Mu nan bim ɗin IPE da HEA muke samu, irin na Turai. In zane ya zo daga Najeriya da UB, kada a musanya da tsayi kawai. IPE 200 bai kai 203x133x25 ƙarfi ba, duk da tsayinsu kusan ɗaya.

Hauwa: Gaskiya ne. Sai kuma tankin ruwa da ake ƙarawa bayan an gama gini. Lita 1000 tan ɗaya ce, in aka dasa shi a tsakiyar bim, lanƙwasar da yake jawowa ta ninka ta nauyin da aka baje biyu.

Injiniya Bashir: Malam Sani, in bim ya gaza a sikeli, mayar da shi kake yi ko ƙara masa faranti?

Malam Sani: Mayarwa, yallaɓai. Faranti sai injiniya ya zana min da hannunsa.