Naman layya a gidan Kirista: a karɓa ko a mayar?

Sakataren Matasa: Salama gare ku iyaye da 'yan'uwa. Tun da Babbar Sallah ta ƙarato wani bidiyo ke yawo a wayoyin matasanmu. Mai wa'azin ya ce duk Kiristan da ya ci naman layya ya ci abin da aka miƙa wa gumaka, hujjarsa kuwa Ayyukan Manzanni 15:29. Ni dai maganar ta kama ni. Manzanni da dattawa ne suka zauna a Urushalima suka rubuta wa masu bi na al'ummai, wato waɗanda ba Yahudawa ba, su guji abin da aka yanka wa gumaka, da jini, da abin da aka maƙure, da fasikanci. Bana na ce wa mutanen gidanmu kada a karɓa.

Mama, Zumuntar Mata: Ɗana, naman miyar gidanku a ina ake sayo shi? Mahautan garin nan da bisimilla suke yanka, daga kwata har Babbar Kasuwa. Tsiren da kuke zuwa ci Ƙofar Ƙaura da dare fa, wa ya yanka muku?

Sakataren Matasa: Mama, ba ɗaya ba ne. Na kasuwa yankan ciniki ne, layya kuwa ibada ce. Ibraniyawa 10 ta ce Almasihu ya miƙa hadaya sau ɗaya tak, ta gama komai. Me ya haɗa ni da wata hadayar?

Malamin Makarantar Lahadi: Bambancin da ka kawo gaskiya ne, sai dai Manzo Bulus ya riga ka zuwa wurin. A Koranti naman da ake sayarwa a kasuwa, da yawansa daga haikalin gumaka yake fitowa. Duk da haka a 1 Korantiyawa 10:25 ya ce a ci abin da ake sayarwa a mahauta ba tare da bin diddigi ba. A aya ta 27 ya ƙara da cewa in wanda ba mai bi ba ya gayyace ka, kana kuma so ka je, ka ci abin da aka sa a gabanka. Aya ta 28 ce kaɗai ta sa sharaɗi: in wani ya ce maka wannan na hadaya ne, ka bari, saboda lamirin wanda ya faɗa maka.

Sakataren Matasa: To ai ga ta nan, Malam! Yaron da ke kawo kwanon cewa yake yi ga naman layya in ji Baba. An faɗa maka ke nan.

Dattijo: Yaro, bari in sa baki, don ni na san naman tsafi da idona. Iyayena Maguzawa ne daga ƙasar Malumfashi. Ina ƙarami ana kama baƙin akuya ko jan zakara a yanka wa iskoki a gindin tsamiya, a zuba jinin a wurin, a ambaci sunan iskan da ake roƙo, sa'an nan a raba naman. Ranar da mahaifina ya karɓi bishara ya daina cin wannan nama, 'yan'uwansa suka yi ta fushi, bai koma ba har ya mutu. Wannan shi ne abin da manzanni suka hana, shi ne kuma Ru'ya ta Yohanna 2 ke tsawata wa ikilisiyoyin Birgamas da Tayatira a kai. Amma maƙwabcina da ya tsaya a ƙofar gidansa ya yanka rago, wane gunki ka gani a gabansa? Mutumin da in ka ce masa yana bautar gunki sai ya ji ka zage shi zagi mafi muni. Mun sha bamban da su a kan Almasihu, a kan gicciye, a kan Triniti, ba na ɓoye wannan ko a gabansu. Amma ka ɗora wa mutum abin da bai yi ba, Fitowa 20:16 ta kira shi shaidar zur a kan maƙwabci. Mai bidiyon nan ina shakkar ya taɓa kwana a unguwa irin tamu.

Ɗalibin Tauhidi: Baba ya gama magana, ni ƙari kawai zan yi. Abin da ya fi damun Bulus shi ne a ga mai bi zaune yana ci a cikin haikalin gunki, ku duba 1 Korantiyawa 8:10 da 10:21. Matsalar ta kai har kasuwa ta ji a jikinta. Wajen shekara ta 112 wani gwamnan Roma mai suna Filini, da ke mulkin Bitiniya, ya rubuta wa Sarki Tarajan cewa saboda yawan Kiristoci naman hadaya ya kusa rasa mai saye. Duniyar gumaka ce ta sosai. Su kuwa Musulmi, Alƙur'aninsu a sura ta 22 aya ta 37 ya ce naman da jinin ba sa isa ga Allah, tsoron Allahn mai yankan ne ke isa. Naman rabo ne ga iyali da dangi da mabukata.

Sakataren Matasa: Amma tushen layyar fa? Farawa 22 ta ce Ishaku ne Ibrahim ya kai bisa dutse, yawancinsu kuwa Isma'ila suke cewa. In na ci ban amince da nasu ba ke nan?

Mama, Zumuntar Mata: Su da suke cin shinkafarmu ta Kirsimeti sun amince Yesu Ɗan Allah ne? Kowace shekara maigidana malamin unguwa yake kira ya yanka mana akuyar Kirsimeti, don maƙwabta su ci hankali kwance. Ba wanda ya musuluntar da wani.

Wata 'yar'uwa: Iyaye ku gafarce ni. Ni daga gidan Musulmi na fito, kuma ba na ci. Ba don ina ganin naman ƙazantacce ne ba. In ya fito daga gidanmu na ci, gobe labari ya zaga dangi cewa zuciyata ta fara komowa. Ina karɓa da hannu biyu, in yi godiya, in ba yaran maƙwabta. Amma ban taɓa ganin laifin wanda ya ci ba.

Malamin Makarantar Lahadi: Yauwa, ke ce 1 Korantiyawa 10:28 ke magana a kanki, don akwai wanda cin naki zai ba wata ma'ana. Romawa 14:23 ma ta ce mai ci da shakka ya yi laifi. Sakatare, in zuciyarka ba ta kwanta ba kada ka ci. Sai dai aya ta 3 ta surar ta hana wanda ba ya ci hukunta mai ci, kai kuwa doka ka kafa wa gida guda.

Sakataren Matasa: Na ji. Amma har yanzu ba wanda ya taɓa mini wasiƙar Urushalima. Doka ce ko ba doka ba?

Ɗalibin Tauhidi: Doka ce, a kan abin gumaka, kuma Baba ya nuna layya ba ta ciki. Abin lura, Bulus yana wurin taron nan, amma da ya rubuta wa Korantiyawa bayan 'yan shekaru, surori uku ya yi a kan naman gumaka bai ambaci wasiƙar ba ko sau ɗaya. Da lamiri da ƙauna ya yi musu hujja. Jini da maƙurarre kuwa, yankan Musulmi ya fi na wasunmu kiyaye su.

Dattijo: Fasto yana Funtuwa, in ya dawo a sa maganar a nazarin ranar Laraba. Kafin nan, yaro, mahaifiyarka ta fi ka sanin wanda ya riƙe ta da kuna ƙanana, kada ka sa ta mayar wa mutane kwano.

Sakataren Matasa: To Baba. Ni dai ba zan ci ba tukuna.

Mama, Zumuntar Mata: Ba komai. Kasonka ka aiko gidana, dambu zan yi wa jikoki.