Fanka nawa zan ƙara wa akwatin kwamfuta, kuma ina za su fuskanta?

Ɗan_Kurna:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawarar masana nake nema. Kwamfutar tebur ce mai Ryzen 5 5600 da katin girafik RTX 3060, akwatin kuma da fanka ɗaya tak ya zo, a baya, mai milimita 120. Ɗakin babu iyakwandishan. A wannan bazarar idan na ɗora mata aikin haɗa bidiyo da rana, firosesa kan kai digiri 88, katin kuma 83, ga ƙara kamar injin markaɗe. Akwai gurbin fanka uku a gaba, biyu a sama. In cike su duka ne? Mai fil uku zan saya ko mai huɗu? Sannan ya zan yi da ƙura idan hunturu ya kama?

MaiGyaranKwamfuta:
Wa alaikumus salam. Malam, kafin ka kashe ko sisi, yi gwaji ɗaya. Buɗe HWiNFO, manhajar da ke nuna zafin kayan kwamfuta, ka ɗora wa kwamfutar aikin na minti 15, ka rubuta zafin. Sai ka cire murfin gefe ka maimaita. Idan zafin ya sauka da digiri 5 ko fiye, iska ce ba ta shiga. Idan bai motsa ba, ba fankar akwati ce matsalarka ba, duba mai sanyaya firosesa: ko man da ke tsakaninsu ya bushe, ko ƙura ta toshe haƙoran ƙarfen.

Ka kuma sani fanka ba ta ƙirƙirar sanyi, iskar ɗakin take turawa. Idan ɗakin yana digiri 38, duk adadin da ka ga masu gwaji a Turai sun samu a ɗaki mai digiri 22, ƙara masa kusan 16. Ryzen ɗinka sai ya kai 90 yake rage gudu don kare kansa, saboda haka 88 ba haɗari ba ne, amma ya yi kusa.

Tsarin da ya dace da kai: gaba su shigo da iska, baya ta fitar. Sa uku masu 120 a gaba, ko biyu masu 140 idan ramukan sukurun sun yarda, ka bar ta baya yadda take. So ake iskar da ke shiga ta ɗan rinjayi mai fita. Idan haka ta samu, rarar iskar za ta riƙa tsiyaya waje ta kowace kafa, ƙura kuma ba ta da hanya sai ta ragar tacewa ta gaba. Idan masu fitarwa suka fi yawa, akwatin zai riƙa zuƙo iska ta ramukan baya da gefen murfi inda babu raga, cikin 'yan makonnin hunturu ka tarar da katin ya yi futu-futu.

Wajen ɗaurawa ake yawan kuskure. Fuskar da ke da sandunan roba da ke riƙe da injin fankar, inda wayar ta fito, ta nan iska take fita. Wasu ma da kibiya a gefe. Ka kara 'yar takarda a gaban akwatin bayan ka kunna, idan ta manne, daidai ne.

Hajiya_IT:
In ɗora a kan bayanin Malam. Adadi biyu ake dubawa a jikin kwali. CFM shi ne yawan iskar da fanka ke turawa idan babu abin da ya tare ta. Ɗayan, wanda ake rubutawa da mmH2O, shi ne ƙarfin matsinta idan akwai shinge. Mutane kan bi CFM mai yawa su sayo, su ɗaura a bayan raga mai ƙananan idanu, sai fankar ta yi ta juyi iskar ba ta wucewa. Duk wadda za ta zauna bayan raga ko jikin lagireto, nemi mai matsi wajen 2 zuwa sama. Fankar Arctic P12 tana da 2.2, gudunta ya kai juyi 1800 a minti, kuma ba ta da tsada. P14 ita ce yayarta mai 140, ta fi tura iska a gudu ƙasa da haka, shi ya sa ta fi shiru. Noctua NF-A12x25 ta fi su daɗin sauti, amma kuɗin guda ɗaya zai iya sayo maka P12 fiye da biyu, kuma a wannan na'urar taka bambancin zafin bai taka kara ya karya ba.

Abin da na fi so ka kula da shi boris ne. Fankoki masu araha, musamman masu walƙiya da ake sayarwa uku ko biyar a kwali, yawancinsu boris ɗinsu ɗan bututu ne kawai (sleeve) da ɗan mai a ciki. Zafi na busar da man, ƙura ta shiga, sai ka fara jin gurnani da safe kafin ta ɗumama. Idan aka kwantar da irin wannan a saman akwati ta fi saurin lalacewa. Nemi wadda aka rubuta FDB a jikinta, wato boris mai juyawa a kan mai da aka rufe a ciki, ko mai boris na ƙwallo biyu, wanda ya fi jure zafi ko da yake ya ɗan fi ƙara.

Gurbin sama kuwa, ni ban ba ka shawarar cike biyun ba. Ta saman da ke kusa da gaba tana sace iskar da ta shigo tun kafin ta isa firosesa. Idan za ka sa, ɗaya ta isa, a gurbin da ya fi kusa da baya, tana fitarwa a hankali.

Ɗan_Kurna:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na yi gwajin: da na cire murfin gefe katin ya dawo 74, firosesa 80. Sai dai gaban akwatin gilashi ne, 'yan ramuka ne kawai a gefensa. Kuma soket biyu na gani a madabod, an rubuta SYS_FAN.

Usta_Zinder:
To ɗan'uwa, gilashin nan shi ne rabin ciwon. Ta waɗannan 'yan ramukan fanka uku ba za su sha iskar da ta ishe su ba. Duba ko za ka iya ɗaura su ta cikin ƙarfen akwatin maimakon ta wajensa, hakan zai ba su tazarar kusan milimita 25 daga gilashin. Idan murfin gaban yana ɓalluwa, cire shi a lokacin zafi ka manna ragar tace ƙura mai maganaɗisu. Idan duk bai yiwu ba, canja akwati zuwa mai gaban raga ya fi maka sayen fankoki masu tsada.

Batun fil: sayi mai huɗu, wato PWM. Ita wutar volt 12 take samu kullum, fil na huɗu ne ke faɗa mata gudun da za ta yi, don haka tana iya sauka ƙasa sosai ba ta tsaya ba. Mai fil uku da rage wuta ake rage gudunta, kuma idan ka sa ta a soket da aka saita a PWM za ta yi ta gudu a ƙarshen ƙarfinta har sai ka shiga BIOS, shafin saitin madabod, ka mayar da shi DC, wato saitin rage wuta. Masu haɗuwa kai tsaye da Molex, wayar da ke fitowa daga akwatin wutar kwamfuta, ba a iya rage su sam, guje su.

Soket biyu sun ishe ka. Yawanci kowanne amfiya 1 yake ɗauka, sai ka duba takardar da ke bayan fankar ka tara adadin. P12 ba ta wuce wajen 0.1, uku a soket ɗaya babu damuwa, kuma samfurin da aka rubuta PST yana da jela da ake sarƙafa ɗaya a jikin ɗaya. Masu fitilu sun fi cin wuta, su gara ka haɗa su ta ƙaramin akwatin rarrabawa mai shan wuta daga wayar SATA. Hattara da wayar fitilun: ta ARGB volt 5 ce mai fil uku, idan ka cusa ta a soket ɗin RGB mai volt 12 fitilun sun ƙone nan take.

A BIOS kada ka bi saitin mutanen ƙasashe masu sanyi, domin kwamfutarka ko ba ta aikin komai tana wajen digiri 50. Sa gudun fankokin a kashi 40 har zafin firosesa ya kai digiri 55, kashi 70 a digiri 70, cikakken gudu a digiri 82. Ƙara jinkirin daƙiƙa biyu ko uku idan akwai wurin, saboda zafin Ryzen yana tsalle yana sauka, in ba haka ba fankokin za su dame ka da hawa da sauka. Ta baya ka bar ta ƙasa da na gaba kaɗan.

Da hunturu wanke ragar duk mako, ka bari ta bushe sarai kafin ka mayar. Idan za ka busa cikin da bulowa, zare wuta, ka dafe fikafikan kowace fanka da yatsa, don juyin da ya wuce kima yana cin boris. Akwatin kuma ɗauke shi daga ƙasa ka ɗora a tebur, ka bar masa tazarar taƙi ɗaya daga bango ta baya.