Taƙaitawa: falakin da ya ɗan kauce wa da'ira

1. A tattaunawar yadda za a lissafa irin wannan falaki, kowa ya yarda a rubuta r = a + x (r nisan abin da ke kewayawa ne daga tsakiya, a kuma nisansa a falakin da'ira), x ƙanƙani, a yar da x². Abin da ya rage lissafin lilo ne, wato kai da komon da x ke yi.

2. Idan ƙarfin ja ya bi 1/rⁿ, falakin yana dawwama ne muddin n bai kai 3 ba. Saurin lilon √(3−n) ne sau saurin kewayawa. A n = 2 sun zo ɗaya, shi ya sa falakin ke rufewa.

3. An nanata: L (angular momentum, wato ma'aunin ƙarfin juyawa) ne ba ya canzawa, ba saurin kewayawa ba. Nan ɗalibai ke tuntuɓe.

An rabu kan mafarin lissafin: wasu sun ce a fara da makamashi, wasu da u = 1/r. Ni na biyun na fi so, don shi ke fito da gocewar falakin duniyar Makyuri (juyawar da falakin kansa ke yi sannu a hankali) a fili.