Wane suna za mu ba echidna da Hausa?

Jama'a, a taimaka da suna. Akwai dabbar da Turawa ke kira echidna: jikinta ƙaya, bakinta zungurere, ba ta da haƙori ko ɗaya. Ƙwai take yi, amma in ya ƙyanƙyashe tana shayar da ɗanta madara. Nono babu kai, madarar tsattsafowa take ta fata, ɗan ya lasa.

Abin da ya sa na damu shi ne nau'inta na tsaunukan Cyclops a lardin Papua na Indonesiya. Tun wadda aka samo a 1961, gawarta na ajiye a Leiden ta ƙasar Holan, masana ba su sake ganinta ba sai a 2023, da kyamarar da aka ɗaura a daji ta ɗauke ta. Nau'o'inta masu dogon baki na tsibirin New Guinea, har da wannan, suna ƙarewa. Ana farautarsu da karnuka don nama, ana sare dajin don noma da katako. Tana suke ci a ƙasa mai laima, in daji ya tafi abincinsu ya tafi. Uwa kuma ƙwai ɗaya take yi. Ta yaya za mu ba da wannan labari da Hausa alhali dabbar ba ta da suna?

Wani ɗan'uwa ya ce "ikidina". Malam, wa zai ji haka a rediyo ya gane kamanninta?

An kawo "beguwar Papua", amma wani nau'in nata ya cika Ostireliya. "Dabgin ƙaya" ya burge ni saboda bakin, sai dai yara nawa ne suka san dabgi yau? Mutanen ƙauyen Yongsu Sapari da ke gefen tsaunukan Cyclops suna ce mata payangko. Sunan masu ita ne, a riƙa ambatonsa, amma na nau'in yankinsu ne kawai.

Ni na tsaya kan "bushiya mai ƙwai". Ga ƙaya, ga dunƙulewa in ta ji tsoro, ƙwan kuma ya raba ta da tamu.

Hajiya, kin ce ba su da dangantaka da bushiya. Gaskiyarki. To raƙumin dawa ma ba raƙumi ba ne, jakin dawa ne kawai ya yi kusa da nasa. Bahaushe da kama yake raɗa suna.

Na New Guinea sai a ce "bushiya mai ƙwai mai dogon baki". Ya yi tsawo, wanda ke da gajere ya kawo.