Da abokin daka akan sha gari, ko a dama da kowa?

Ɗan Tudun Wada: Salamu alaikum jama'a. Daren jiya a taron unguwa kan gyaran rijiyar burtsatse saura ƙiris a ba hammata iska. Ana zaɓen 'yan kwamiti sai wani dattijo ya ce wanda bai ba da kuɗi ba kada ya sa baki, wai da abokin daka akan sha gari. Wani matashi ya miƙe ya ce ruwan nan kowa zai sha, don haka a dama da kowa. Shin karin maganar nan korar mutane take yi? Kuma "a dama da kowa" da "a tafi da kowa" abu ɗaya ne?

Malamin Firamare: Wa alaikumus salam. Dattijon ya juya maganar. Gargaɗi ce ga wanda ya samu, kada ya manta da wanda suka sha wuya tare. Ba a yi ta don tsare ƙofa ba.

Bakatsine: Allah gafarta Malam, ban yarda ba. Ci-ma-zaune ake faɗa wa, wanda ba a ganinsa ranar gayya sai ranar rabo.

Maman Biyu: Kun tuna min da kakata, Allah ya jiƙanta. Gidan gandu muka taso, kuma kakanmu yana da ƙane makaho, muna ce masa Baba Ƙarami. Ba ya zuwa gona, yini yake a zaure yana tufkar igiya. Duk kaka ana ware masa dammunansa na gero, ba a taɓa tauye shi ba. Wata shekara maza suka zauna suka yanke a sayar da gonar fadama, ba su kira shi ba, wai kada a wahalar da shi. Da kakata ta ji, sai ta ɗauki mayafi ta riƙo sandarsa har tsakiyar zaure. Ta ce wa kakanmu, "Malam, gonar nan ta ubanku ce ku biyu. Idonsa ne ya tafi, bakinsa yana nan." Tsit aka yi. Baba Ƙarami ya ce bai yarda ba, ya lissafo iyakokin gonar daga tsamiya har bakin rafi, ya faɗi wanda ubansu ya ba aron wani yanki da bakinsa. Babu wanda ya san da wannan aron sai shi. Gonar tana hannunmu har yau. Shekara da shekaru yana shan gari da su, amma ranar ce aka fara damawa da shi.

Malamin Firamare: Allah ya yi mata rahama. Hajiya kin amsa tambaya ta biyu. Wanda aka tafi da shi yana iya zama a baya yana bi. Wanda aka dama da shi hannunsa na kan ludayi.

Mai Shayi: Mu ma wani ya zo kamfe ya rantse za a dama da matasa. Aka dama kuwa, ashe matasan ne furar.

Bakatsine: Hahaha! Namu "gwamnatin kowa da kowa" ya ce. Kowa na farko surukinsa, na biyu ɗan ƙanwarsa.

Mai Keken Hannu: 'Yan uwa, ni abin a jikina yake. An sa hannu kan dokar hana nuna wa nakasassu wariya a watan Janairun 2019. Ta ba gine-ginen gwamnati shekara 5 su gyara hanyar shiga, ta ware mana aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aikin gwamnati. Wa'adin ya wuce. An gayyace ni wani taro da aka shirya dominmu, a bene, sai da samari suka ciccibe ni da kekena kowa na kallo. Ku kira ni gurgu ko mai buƙata ta musamman, ba wannan ke ci min rai ba. Matakalar nan ce ke mayar da ni saniyar ware.

Maman Biyu: Allah ya kawo sauƙi, Yaya. Mu ma matan Arewa sai 1976 muka samu damar jefa ƙuri'a, bayan su Hajiya Gambo Sawaba sun sha ɗauri a kai. Yau mu ke cika layin zaɓe tun asuba, amma cikin sanatoci 109 mata ko 10 ba su kai ba. Idan zancen abokin daka ne, wa ya kai mu riƙe taɓarya?

Bakatsine: To Hajiya ai kin dawo layina ke nan, wanda ya daka shi zai sha.

Maman Biyu: A'a, Baba Ƙarami bai taɓa riƙe fartanya ba.

'Yar Fulani: Ku yi ta musu, damu dai ba ya yiwuwa sai da nononmu.

Babarbare: Wa ya buɗe wa baiwata ƙofa? Kawo ƙwaryar nan tukuna, kuma ban da surka nonon da ruwa.